Bidon da Ya Yi Sanyi da Rana Tsaka

Ta yaya ƙarfe yake gane an ba shi abin da ba nasa ba? Ba shi da harshe, bai taɓa jin ƙishirwa ba. Amma na gani da idona a wata ƙasa mai nisa, ƙarfe ya sha ruwa ya ƙi aiki, ya sha wani ruwan mai kama da na farko sak ya tashi yana fasa dutse. Na tambayi masu karatu a nan Damagaram, kowa ya ba ni amsar da ta wuce ta saman kaina. Mutum ɗaya ne da zai iya yi mini bayani yadda zan gane, shi ne Malam, mijina, Allah Ya ji ƙansa. Ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba. Zuwaira 'yar ƙanwata ce take rubuta wannan, kuma na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Sunan Malam ba zai fito daga bakina ba, mutanen unguwar Zango sun san shi. Makanikin manyan injuna ne tun yana saurayi, katafila da masu haƙar ƙasa da masu daɓe hanya. Ya riga ya ajiye aiki, ciwon zuciya ya zaunar da shi, ƙafafunsa suna kumbura. Sai ga kira a salula daga Lawali, wanda ya koyi aiki a hannunsa, yanzu shi ma ya yi furfura, yana shugabancin wani shantiye, wato wurin aiki, inda ake fasa dutse a ƙasar Binin, gaba da Faraku. Ya ce mai wurin ya sayo wata katafila mai dogon hannu daga Turai, ta hannu ce amma ta zamani, ta kwanta, kowa ya taɓa ya kasa. 'Ya'yanmu suka ce ba inda zai je. Ya ce sai ya je. Da suka ga ba a tanƙwara shi, suka ce to sai dai da ni, don in riƙa yi masa abinci ba gishiri, in kuma ba shi maganin da likita ya rubuta. Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba.

A Gaya, garin bakin iyaka, na fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. A lokacin gada a rufe take, sai ta jirgin ruwa ake ƙetarewa. Na tsaya a baki ina kallo, ni da na tsufa ina layin famfo a unguwarmu ta Birni, ga ruwa yana wucewa ba mai ko waiwayensa.

"Malam, duk wannan ina za shi?"

"Teku."

"Ba mai tare shi?"

"'Yar Birni, shiga jirgi. In kin dawo kya tare shi."

Haka yake kirana tun ina amarya, saboda shi ɗan Zango ne, yana cewa mu 'yan Birni tambaya ta yi mana yawa.

A bakin kogin aka fara yi mana wayo. Wani mutum mai fara'a, Hausarsa tas, ya ce shi ɗan Tanut ne, ya kira ni Inna, ya karɓi buhuna ya ce zai kai mini jirgi. A cikin buhun akwai garin hatsi da kuka da daddawa da kanwa, duk abin da na tanada don cikin Malam. Ya shiga cikin mutane da shi a ka. Har yau bai kai jirgin ba. Malam kuwa yana rungume da akwatin kayan aikinsa kamar jariri, bai ba kowa ba. Na zauna a jirgin ina hawaye, shi yana ce mini in daina, ai mutumin zai sha miyar kuka mai kyau ya yi mana addu'a.

Daga Malanbil, ƙetaren kogin, muka shiga wata mota da ta fi jaki taurin kai. Damina ce. Ƙasa ta koma ja, itatuwa suka yi tsawo, harshen mutane ya juye har ban gane ko gaisuwa ba. Kowane shinge a sauke mu, a duba takardu, a mayar da mu. A wani gari na ga mata suna daka doya a turmi, na ce wa Malam su waɗannan ba su da hatsi ne? Ya ce su ma in sun zo wurinmu haka za su ce, ba mu da doya ne?

Shantiyen yana gindin wani tsauni. Lawali ya tarbe mu ya durƙusa har ƙasa, ya ba mu ɗakin kwano kusa da wurin ajiyar kaya. Akwai 'yan Damagaram da dama a wurin, duk shi ya kawo su. Mai kula da ajiyar kayan shi ne Sanusi, dattijo ɗan Mirriya, mai lambu ne a gida, mutum mai kunya, kullum da carbi. Shi ya ba ni tukunya da murhu.

Malam bai ko huta ba ya ce a kai shi wurin marar lafiya, wato katafilar. Na bi shi, don maganinsa yana hannuna. Ban taɓa ganin abu mai girma haka ba. Hannunta ya fi rufin masallacin unguwarmu tsawo. Lawali ya tayar da ita, ta yi gurnani lafiya lau, sai dai wata fitila mai launin rawaya tana ci a gaban direba, kuma da aka ce ta ɗaga dutse sai ta yi kamar tsohuwa mai ɗaukar tulu. Lawali ya ce haka take yi. In an lallashe ta ta yi aiki kwana kaɗan, fitilar ta dawo, ƙarfinta ya tafi.

Malam ya kara kunne a jikinta, ya zaga, ya dubi tacin gazuwal, man da take sha, ya dubi na iska, ya sa hannu a bakin bututun hayaƙi ya duba tafinsa. Ba baƙi ko kaɗan. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Injin nan ba abin da ya same shi," ya ce. "Ƙin yi take."

"Ƙarfe yana ƙi?" na ce.

"Wannan yana yi."

Sai Lawali ya nuna masa wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi a gefen na gazuwal. Ya ce a nan ake zuba mata ruwanta. Na ɗauka na sanyaya inji ne, aka ce a'a. Wani ruwa ne da ake kawowa a biduna, wato jarkoki, daga Kwatano, ana fesa shi kaɗan-kaɗan cikin bututun hayaƙi, ya wanke hayaƙin kafin ya fita. Turawa sun yi mata doka a cikin kanta: in hayaƙin bai wanku ba, ita da kanta za ta rage ƙarfinta har sai an gyara. Na leƙa bidon. Ruwa ne fari ƙal, ba ka raba shi da na randa. Inda ya zuba ya bushe kuwa sai ya bar fari-fari kamar kanwa, da wani zarni kamar na turken awaki.

A daren farko Malam ya ce mini abin da na ji tsoro. Ya ce bai taɓa juya wa inji baya yana kwance ba, kuma ba da wannan zai fara ba. Ba zai koma Damagaram ba sai ta hau tsaunin can da ƙarfinta. Na san shi. In ya faɗi magana irin wannan, an gama. Tun daga ranar, ciwon katafilar ya zama nawa, don ita ce ta tsaya tsakaninmu da gida.

Bayan 'yan kwanaki mai wurin ya turo wani mai ilimin irin waɗannan injuna, ana ce masa Mushe Silban, da ordinata, wato kwamfuta, a jaka. Na zaci za su yi ta ja da Malam, sai suka shaƙu. Yana jin Hausar kasuwa, yana kiran Malam Baba, yana kirana Mama. Ya haɗa wata igiya a cikin katafilar, ya ce tana faɗa masa inda ke yi mata ciwo.

"To me ta ce?" na tambaye shi.

"Ta ce hayaƙi bai wanku ba, Mama."

"Ba ta faɗi dalili ba?"

"Ba ta faɗa."

"Ashe mace ce ta gaske," in ji Malam. Na harare shi, Silban ya yi ta dariya.

Suka bi abin ɗaya bayan ɗaya, ni ina zaune a kan tabarma a inuwar kamiyo, babbar motar kaya, ina kallo. Silban ya ce a cikin bututun akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu masu sansanar hayaƙi, ɗaya kafin wanki, ɗaya bayansa. Malam ya sa musu suna hanci. Suka zargi hanci na biyu, aka aika aka kawo sabo, aka sa. Ta yi aiki, muka yi murna, har na fara ninke kaya. Fitilar ta dawo. Suka bi wayoyi ko ɓera ya ci, ba ko ɗaya. Suka ciro ɗan bakin da ke fesa ruwan, suka same shi ya toshe da farin abu mai tauri. Malam ya ce in ɗora ruwa a wuta. A butar shayinsa aka jiƙa shi, ya zauna yana goge shi a hankali kamar mai wanke wa jika ido. Suka sa shi ya fesa a cikin kwanona, feshin ya fito lallausa kamar raɓa. Aka mayar. Ta yi aiki. Fitilar ta dawo.

Na tambayi Silban wai me ke cikin ruwan nan ne. Ya ce ure ne, ɗan'uwan takin da ake zuba wa gona, amma wanda aka tsarkake, a cikin ruwan da aka cire wa komai. Yana da wani ɗan gilashi da ake ɗiga ruwan a kai a ɗaga wa rana a ga ƙarfinsa. Ya gwada na wani bido, ya ce daidai yake. Ya gwada na cikin tanki, ya ce ya ɗan kauce, amma wataƙila zafi ne ya ɓata shi. Aka kwashe na tankin aka zuba wani. Silban ya koma Kwatano yana cewa in ta sake, to babban abin wankin da ke cikin bututun ne ya mutu, shi kuwa sai an aiko daga Turai, sai bayan damina.

Ta sake.

Ni a lokacin ba fitilar nake kallo ba, ƙafafun Malam nake kallo. Da muka zo yana sa takalminsa na fata. Daga baya sai silifa. Daga baya sai da na yanka igiyar silifan na ƙara mata tsumma. In ya hau jikin katafilar sai ya tsaya a tsakiya yana haki, yana yi kamar wani abu yake dubawa. Kwalbar maganinsa kuwa kullum ƙararta ƙaruwa take in na girgiza. Ga abinci ya gagare mu. Ba ya iya cin doya, shinkafa ba gishiri kuwa sai ya tura kwanon. Wata rana na ji shi yana cewa da zai sami fura ko ludayi ɗaya. Na zaga bayan ɗaki na yi kukana.

A nan wata mata ta same ni, Bake, mai sayar wa ma'aikata abinci, 'yar ƙasar ce. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Ta dube ni, ta dubi tukunyata, ta tafi. Washegari ta dawo da ƙwarya cike da hatsi, ban san ƙauyen da ta je ta samo shi ba, da nono daga wurin Fulanin daji. Ta ara mini turminta na doya. Na daka, na dama, ita tana tsaye tana kallon yadda nake cura furar tana mamaki, kamar yadda ni ma nake mamakin sakwararta. Na miƙa mata abin hannuna ta ture, ta dafa ƙirjinta. Malam ya sha ya yi gyatsa ya ce yau ya san yana da rai. Duk inda Bake take, Allah Ya saka mata.

Na roƙe shi mu tafi. Na ce Lawali ba zai ga laifinsa ba. Ya ce ba Lawali ba ne, shi ne zai ga laifin kansa. Ya ce abin da ke damunsa game da katafilar, ciwon da ke tafiya ya dawo ba a cikin jiki yake zaune ba, daga waje ake kawo shi, amma ya rasa ta wace ƙofa.

Mu matan Damagaram muna da wata ɗabi'a. Garinmu garin ƙishirwa ne, ba ma wuce abin ruwa ba mu ɗora masa hannu ba, randa ce ko tulu, mu ji ko ya yi sanyi, mu ji ko da saura. Hannu ne yake yi, ba da sanin mutum ba. Wata ranar Juma'a da rana tsaka, maza sun tafi masallaci a ƙauye, Malam yana kwance don ƙafa ta hana shi, na shiga wurin ajiya neman itacen akwati da Sanusi yake bar mini na hura wuta. Bidunan ruwan katafilar suna jere a bakin ƙofa. Ina wucewa ina shafa su. Na farko ɗumi. Na biyu ɗumi, don kwanon rufin ya gasa ɗakin. Na ƙarshe kuwa sanyi ƙarara, har da gumi a jikinsa kamar an ciro shi daga firji. Na sake taɓawa. Na taɓa na kusa da shi. Na dubi sama, na dubi ƙasa, babu ƙanƙara a wannan daji.

Na koma ɗaki. "Malam, ruwan katafilar nan, akwai mai sanyi da mai zafi ne?"

"Ke da tambaya. Duk ɗaya ne."

"To ɗaya yana gumi."

Sai ya tashi zaune. Ya ce in riƙe shi. Muka je, ya ɗora tafinsa a kan bidon ya daɗe bai cire ba. Ya duba murfin, ya ga an taɓa buɗe shi. Ya ɗaga bidon wajen haske, can ƙasa akwai ɗan laka. Sai ya fara dariya, dariyar ta koma tari.

"Kin tuna gonarmu ta Dogo? In na jiƙa takin ure a bokiti, me nake cewa?"

"Kana cewa yana cin hannu da sanyi."

"To wannan yanzu aka dama shi."

Da Sanusi ya dawo daga masallaci Malam ya kira shi gefe, ba a gaban kowa ba sai ni. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Ɗan Mirriya, ina buhun?" Sanusi ya sunkuyar da kai, ya janye wani tamfol. Ga buhun takin gona, ga rawaninsa fari da yake tacewa da shi. Ya ce tun farkon damina motar Kwatano take makara saboda hanya, ya ga ruwan zai yanke, in ya yanke aiki ya tsaya, a sallami 'yan gida. Ya ji an ce ure ne da ruwa. Shi kuwa tun yana yaro yake dama ure a lambu. Sai ya riƙa ƙara nasa a bidunan da suka ƙare, yana ba ta wannan yau, na kamfani gobe, don na kamfanin ya daɗe. Da fari ruwan sama yake tara mata, in sama ta ɗauke sai ya ɗebo na rijiya.

"Wallahi Malam sau uku nake tacewa. Ko abin da zan sha ban tace shi haka ba."

"Na sani. Amma ita ba albasa ba ce, Sanusi."

"Na ga kuna wahala, na so in faɗa. Sai in ce ai ba daga nan ba ne, ure ure ne."

Malam ya ce masa takin gona an shafe shi da wani abu don kada ya dunƙule, ruwan rijiya kuma yana da gishirinsa da ido ba ya gani, su ne suke toshe mata baki. Ya sa shi ya je ya faɗa wa Lawali da bakinsa, shi kuma ya tsaya a bayansa. Mai wurin ya yi ihu a salula har muna ji daga nesa, amma Malam ya karɓa ya yi masa magana da Faransancinsa na garaji, aka bar Sanusi a aiki, aka mayar da shi gadin ƙofa.

Silban ya dawo, da ya ji labari ya riƙe kai ya zauna a ƙasa, ya ce ranar da ya gwada gilashinsa bidon kamfani ya ɗauka. Suka kwance tankin suka wanke shi da bututansa, suka canja tacinsa, aka sake jiƙa bakin feshin a butar shayi. Malam yana kan kujera yana nuni da sanda, don ba ya iya hawa kuma. Aka fasa sabon bido a gabansa aka zuba. Aka bar ta tana gurnani ta yi zafi sosai. Fitilar ta mutu. Malam ya ce bai yarda ba tukuna, ta saba yaudara. Muka ƙara kwanaki, kullum da safe a kai shi ya dubi fitilar. Ba ta dawo ba. Ranar da ta hau tsaunin ta ciro dutse kamar ɗaki, ya dube ni ya ce, "Ninke kayanki."

Sanusi ya raka mu har bakin hanya ɗauke da akwatin Malam, yana ta neman gafara. Bake ta ƙulla mini doya a ɗankwali. A kogi ban ba kowa kayana ba.

Daga Doso muka sami babbar kar, motar fasinja, mai zuwa Damagaram. Malam yana gefen taga, numfashinsa yana nauyi, amma ransa fari ne. Muka wuce Ƙwanni, muka wuce Maraɗi, ƙasa ta koma irin tamu, ga hatsi ya yi kai. Bayan Tasawa na kasa haƙuri. Na ce masa na ji zancen hanci biyu, na ji zancen toshewa, amma ni abin da ban gane ba, ta yaya hancin ƙarfe yake sani? Sanusi mai ido da hankali bai bambanta ruwan nan ba, ni ma ban bambanta ba, ita wa ya gaya mata? Ya yi murmushi. Sai da muka tsaya a Takeita, bayan la'asar, ya ba ni amsa a hankali, sannan ya jingina kansa a kafaɗata. Bai taɓa yin haka a cikin mutane ba. Na ji kunya, na ja mayafina na rufe mu.

Na ɗauka barci yake. Da duwatsun Damagaram suka bayyana na ce masa Malam, ga gida. Bai motsa ba. Hannuna ya kai kan nasa da kansa, yadda yake kaiwa kan randa. Ya fara sanyi.

Zuwaira ta ajiye biro, ta jira ni, ta ɗauka.

Akwatin kayan aikinsa yana ƙarƙashin gadona, butar shayin tana kai, ban sake dafa komai a cikinta ba. Lawali ya zo gaisuwa ya ce katafilar tana nan tana aiki. Ni kuwa tambayata tana nan inda ya bar ta. Abin da ya ce mini a Takeita shi ne:

"'Yar Birni, tambayarki doguwa ce. Bari mu isa gida ki dama mini fura, in yi miki bayani a zaune."